Keke mai giya na talaka: me za ka duba kafin ka maye gurbin tsohon kekenka?

Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayu, 2023, keke ya dawo da martabarsa. Ma'aikacin da ya jingine babur, ɗalibin da makarantarsa ke wata unguwa, mai kai kaya kasuwa da sassafe, duk an koma taka feda. Yanzu kuma kekunan da aka saya a farkon wannan guguwa sun fara gajiya. Wani an sace, wani firam, wato gangar jikin keken, ya tsage, wani kuma kuɗin gyaransa ya kusa kamo kuɗin sayensa. Mai neman madadi zai shiga kasuwa ya tarar da jerin kekunan hawa dutse, waɗanda aka fi sani da keke mai giya: taya mai kauri da gurzago, shoka gaba da baya, fenti yana ɗaukar ido, an rangaɗa suna da manyan baƙaƙe a jikin firam. Naira ta faɗi, duk abin da ake shigowa da shi ya yi tsada, aljihu kuma ba ya miƙewa.

Ra'ayina a nan ɗaya ne: idan kuɗin kaɗan ne, keken da ya fi ƙarancin tarkace shi ya fi, muddin mai gyaran unguwarku zai iya samo kayansa. Dalilin wannan magana yana cikin asalin keken kansa.

A shekarun 1970 ne wasu matasa a gundumar Marin da ke jihar Kalifoniya ta Amurka suka riƙa ɗaukar tsofaffin kekuna masu ƙatuwar taya, suna gangarowa da su a guje daga kan tsaunuka. A 1976 suka fara gasar gangara da ake kira Repack. A 1977 Joe Breeze ya ƙera firam na farko da aka yi musamman domin wannan wasa, a 1981 kuma kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper, wanda ya buɗe ƙofar ƙera irin wannan keke da yawa a masana'anta. Shokar gaba ba ta zo ba sai a 1989 daga kamfanin RockShox, sannan wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta a 1996. Kowane ƙari da aka yi wa keken an yi shi ne don mai gangarowa daga dutse da gudu, kuma kowanne yana cin kuɗi mai yawa kafin ya yi aiki yadda ya kamata. Masana'antun da ke ƙera na araha sun lura cewa mai saye da ido yake saye, sai suka kwaikwayi kamannin suka bar aikin. Lissafin kamar na cefane ne: kuɗin da zai yi miya ɗaya mai kyau, in aka ce dole sai an yi kala huɗu da shi, kowace tukunya ruwa za ta zama. Keken da aka ɗora wa shokar baya da birkin faifai da giya 21 a kan farashin talaka, a wani wuri aka rage, kuma galibi a inda ido ba ya kaiwa ne: boris, ƙarfen tsakiyar taya, rim da wayoyinsa.

Mai maye gurbin keke yana da abin da mai sayen farko ba shi da shi, wato shaida. Tsohon keken, ko da gawarsa ce a jingine a zaure, zai gaya maka abin da kake bukata fiye da duk wani dillali. Mene ne ya fi kai ka wurin mai gyara? In wayoyin tayar baya ne ke yawan tsinkewa, ko ƙarfen tsakiya ke lanƙwashewa, to nauyin da kake ɗora masa ya fi ƙarfinsa, kuma a tayar baya ya kamata kuɗinka ya tafi a wannan karo. In faci ne kullum, matsalar ba ta keken ba ce, ta taya ce da ƙayar hanya. In gwiwa ko baya ke maka ciwo, girman keken ne bai dace da kai ba. Dubi haƙoran giyar baya ma: waɗanda suka cinye su ne waɗanda kake amfani da su. Mutane da yawa za su ga biyu ko uku ne kawai suka side, sauran suna nan kamar yau aka saye su. Wanda ya ga haka ba shi da dalilin biyan kuɗin giya mai yawa. Kafin ka rabu da tsohon kuma, auna tsayin sirdi daga tsakiyar inda fedoji suke juyawa, da nisan sirdi zuwa kan keke, ka rubuta. Ka cire sirdin da jikinka ya saba da shi, da kariya, da fitila, da feda in masu kyau ne.

Sai firam. Ƙarfe ne ko alminiyam, kuma ɗan maganaɗisu a aljihu ya isa ya raba gardama. Alminiyam ba shi da nauyi, ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, shi ya sa yawancin kekunan zamani da shi ake yi. Amma ranar da ya tsage, maganarsa ta kusa ƙarewa, domin waldarsa tana bukatar na'ura ta musamman, kuma irin wanda aka fi amfani da shi, mai lamba 6061, sai an sake gasa shi bayan walda kafin ƙarfinsa ya dawo. Firam na ƙarfe kuwa mai walda na bakin titi zai iya ceto shi. A cikin na ƙarfen ma akwai daraja: wanda aka manna wa takardar Cr-Mo ko lamba 4130 ya fi na gama-gari ƙarfi da rashin nauyi. Kekunan hawa dutse na shekarun 1990 da suke zuwa cikin kayan gwanjo da yawansu irin wannan firam gare su, ba shoka ko ɗaya, taya inci 26. A ganina su ne mafi daraja a kasuwar gwanjo, kuma sau da yawa su aka fi rainawa saboda fentinsu ya koɗe.

Girman firam ba a yin ciniki a kansa. A ƙiyasi, mai tsayin santimita 165 zuwa 175 firam mai inci 17 ne nasa, wanda ya haura 180 kuma ya nemi inci 19 ko 20. Amma gwaji ya fi lamba. Ka tsaya keken yana tsakanin ƙafafunka, tafin ƙafa a ƙasa. Dole a sami sarari na 'yan yatsu tsakaninka da sandar sama. Ka hau, ka ɗora dunduniya a kan feda tana ƙasa. Ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ƙugu ya karkace ba. In sai an zaro sandar sirdi ta wuce layin gargaɗin da aka zana a jikinta, keken ya yi maka kaɗan, komai arharsa.

Maganar shoka ce ta fi yaudarar mutane. Shoka ta gaskiya abu biyu ne a haɗe: abin da ke lotsawa, sifirin ko iska, da kuma mai da ke tsare shi kada ya dawo da ƙarfi. Ta araha sifirin ne kawai a cikin bututu. Tana lotsawa, tana wullo ka. A baya abin ya fi muni, domin duk takun feda sai wani kaso na ƙarfinka ya tafi wajen danna sifirin maimakon tura keke, sannan mahaɗar da firam ke lanƙwasawa a kanta takan saki cikin ɗan lokaci, tayar baya ta riƙa rawa. Irin waɗannan kekuna sukan kai kilo 17 zuwa 20, alhali mai shokar gaba kaɗai na kirki yana tsakanin kilo 13 da 15. Ƙari a kan haka, yawancinsu ba su da wurin ɗaura kariya. Mai ƙaramin kasafi ya manta da shokar baya gaba ɗaya.

Ta gaba fa? In hanyarka duwatsu ce da kwazazzabai, irin na tsaunukan Shere a Jos ko hanyoyin Mambila, tana da amfani, kuma mafi ƙanƙantar abin da zan yarda da shi shi ne irin na SR Suntour masu lamba XCT ko XCM. Su ma nauyi gare su, sukan kai kilo biyu da rabi, amma ana iya kwance su a wanke a sa giris. In kuwa kwalta ce da burji da rairayi, kamar yadda yawancin hanyoyin Kano da Katsina da Maraɗi suke, taya mai faɗi da ba a cika mata iska tam ba tana shanye girgiza daidai gwargwado, kuma ba ta da abin lalacewa. Ƙurar hunturu babbar abokiyar gabar shoka ce: tana shiga ta bakin roba, ta haɗu da giris ta zama yashin gogewa. Gwajin shoka a kasuwa ba wuya. Ka matse birkin gaba, ka tura keken gaba da baya. In ka ji ƙwas-ƙwas, ko dai boris ɗin wuyan keke ne ya saki, wanda gyaransa mai sauƙi ne, ko kuma cikin shokar ne ya cinye, wanda sau da yawa ba shi da magani. Ɗora yatsa a wuyan za ka gane daga ina motsin yake fitowa.

Yanzu ga inda ya kamata a daɗe ana dubawa, wato tayar baya. Akwai hanya biyu da ake ɗora haƙoran giya a kanta. Ta farko ita ce firiwil, wanda ake murɗawa kamar noti a jikin hob, wato cibiyar taya inda wayoyi suke haɗuwa. Shi muka sani tun zamanin Raleigh da Phoenix. Matsalarsa a keke mai giya ita ce, don a sami wurin jera haƙora shida ko bakwai, sai an tura boris na ɓangaren dama can ciki, a bar dogon ƙarfen tsakiya ba abin da ke tallafe da shi. Mutum mai jiki, ko mai goyon yaro, ko mai ɗaukar jarka, in ya faɗa rami sau kaɗan, ƙarfen zai lanƙwashe ko ya karye. Hanya ta biyu ita ce kaset, inda haƙoran suke zurawa a kan wani bututu da ke haɗe da hob, boris kuma yana kusa da bakin firam. Wannan ya fi ɗaukar nauyi nesa ba kusa ba. Hanyar ganewa mafi sauri ita ce ƙirga haƙoran ƙaramin faifan baya: in 14 ne, galibi firiwil ne, in 11 ko 12 ne, galibi kaset ne. Ba ina cewa firiwil haramun ba ne. Yana da araha, ana samunsa ko'ina, kuma ga mara nauyi da ba ya ɗaukar kaya zai yi shekaru. Amma wanda tsohon kekensa ya mutu ta tayar baya, kada ya sake komawa kan firiwil. A haɗa da duba rim: mai bango biyu ya fi mai bango ɗaya jure rami, wayoyi 36 kuma sun fi 32 ɗaukar kaya. Ka juya tayar ka ga ko tana tafiya sak, ka matse wayoyin biyu-biyu ka ji ko duk ɗaurinsu ɗaya ne, ka kama tayar ka girgiza ta gefe da gefe ka ji ko boris ya saki.

Lambobin taya kuma akwai tarko a cikinsu. Kekunan hawa dutse suna zuwa da inci 26, ko 27.5, ko 29. A Turai da Amurka an kusa daina ƙera mai 26 a manyan kekuna, amma a wurinmu har yanzu shi ne tayarsa da tib ɗinsa suka fi sauƙin samu, kuma wannan kaɗai ya isa hujja. Lambar da ba ta ƙarya ita ce wadda aka rubuta a gefen taya kamar haka: 50-559. Ta biyun ita ce faɗin da'irar rim, daga baki zuwa baki, a milimita. Inci 26 na keken hawa dutse 559 ne, 27.5 kuma 584, sai 29 mai 622. Kekunan cikin gari da ake kawowa daga Japan su ma an rubuta musu 26, amma nasu 590 ne, tayar ɗaya ba ta shiga ɗaya. Tsohon keke mai sanda na inci 28 kuwa 635 ne, wato rim ɗinsa ya fi na inci 29 girma duk da lambarsa ta fi ƙanƙanta. Kafin ka biya kuɗi, ka ɗauki lambar ka je wurin mai sayar da kayan keke mafi kusa da gidanka ka tambaye shi ko yana da ita. A duba bawul ma. Mai kauri irin na mota da babur kowane mai faci yana da bakinsa. Siririn nan mai ɗan noti a kai sai da 'yar mahaɗa, wadda ya kamata ta zauna a aljihunka.

Giya 21 ba giya 21 ba ce. Faifai uku ne a gaba, bakwai a baya, aka ninka. Da yawa daga cikin haɗin maimai ne, wasu kuma ba a so a yi amfani da su saboda sarƙa tana karkacewa. Abin dubawa shi ne darajar kayan, ba yawansu ba. Kamfanin Shimano na Japan, wanda aka kafa a 1921, shi ya mamaye wannan kasuwa, kuma kayansa hawa-hawa ne: Tourney a ƙasa, sai Altus, Acera, Alivio, Deore, har zuwa sama. Dabarar masu haɗa keken araha ita ce su sa abin canza giyar baya kaɗai na Shimano, mafi ƙanƙantar daraja, su manna sunan a firam, sauran kayan duk marasa suna. Na gaske yana da lamba da aka buga a bayansa, kamar RD-TY300 na Tourney ko RD-M310 na Altus. Wanda ba lamba, a yi masa kallon jabu. Altus ko Acera mai faifai takwas a baya ya ishi kowa. Akwai kuma wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: kekuna masu faifai 6, 7 da 8 duk sarƙa iri ɗaya suke ci, mai kauri, mai araha. Daga 9 zuwa 12 kowanne da tasa sarƙar, tana ƙara sirancewa tana ƙara tsada, samunta kuma sai manyan birane. Shi ya sa keken gwanjo mai tsada da aka karyar maka da farashinsa zai iya zama alaƙaƙai ranar da sarƙarsa ta ƙare.

A firam na alminiyam akwai wani ɗan guntun ƙarfe da ke riƙe da abin canza giyar baya, an yi shi da laushi da gangan don in keke ya faɗi shi ya lanƙwashe a madadin firam. Siffofinsa ɗaruruwa ne, kowane kamfani da nasa. Tsaya a bayan keken ka duba: in ya karkata wajen wayoyin taya, giya ba za ta taɓa zama daidai ba, kuma wata rana zai iya shigewa cikin wayoyin.

Birki iri uku ne. Mai matse rim, mai faifai da ke aiki da waya, da mai faifai da ke aiki da mai. Na faifai ya fi aiki a laka da ruwan damina, kuma ba ruwansa da ko rim ya ɗan karkace. Amma birkin rim mai kyau ya fi birkin faifai na banza, robarsa kuma tana kowane shago. Na mai shi ya fi kamawa, har ƙaramin na Shimano mai lamba MT200 abin dogaro ne, sai dai akwai sharaɗi: man ma'adinai na musamman yake sha. In bakanike ya ɗura masa man birkin mota, robobin ciki za su kumbura su lalace. Wanda ba shi da mai gyaran da ya san wannan a kusa, ya tsaya a kan na waya. Kowane irin faifai ne kuma, in mai ya taɓa shi, birki ya tafi sai an sake takalmansa.

Sabo ko gwanjo? A kuɗi ɗaya, gwanjon Giant, Trek, Merida, Specialized ko Rockrider na Decathlon yakan fi sabo mara asali, domin an fara ƙera shi ne da kayan kirki. Amma araha ba ta ado, kuma gwanjo ba ya zuwa da alkawari. Shafa ƙarƙashin sandar da ta gangaro daga wuyan keke. In fenti ya tattare ko ƙarfe ya yi ƙullutu a nan, keken ya taɓa yin karo, a bar shi. Bi duk mahaɗun walda da ido, musamman inda aka yi sabon fenti a wuri ɗaya. Kwance sandar sirdi ka ga tana motsi, domin wadda ta manne a cikin firam na iya gagarar kowa. Sarƙa kuma a auna ta da ma'aunin tela: daga wani ƙusa zuwa na ashirin da huɗu bayansa inci 12 ne cif a sabuwa. In ta ƙaru da kashi ɗaya cikin takwas na inci, ta ƙare, kuma mai yiwuwa ta cinye haƙoran baya tare da ita. Wannan kuɗi ne da za a cire daga farashi. A ƙarshe a kifa keken a karanta lambar da aka buga a ƙarƙashin gidan feda. In an goge ta, kada ka saya ko da kyauta ce. In tana nan, a rubuta ta a rasit, ka kuma ɗauki hotonta. Wanda sata ce ta raba shi da tsohon kekensa ya fi kowa sanin amfanin wannan.

Kada kuma a zuba duk kuɗin a kan keken. Ni zan ware kusan kashi ɗaya cikin biyar. Taya mai manyan gurzago da keken ke zuwa da ita an yi ta ne don laka. A kwalta tana ƙara, tana jan ƙafa, tana saurin cinyewa. Mai santsin tsakiya da faɗin inci 1.75 zuwa 2.0 ta fi dacewa da hanyar yau da kullum, in kuma yankinku na tsidau ne da ƙayar aduwa, a nemi mai kaurin ciki. Sai kwaɗo mai ƙarfi, fitila gaba da baya, famfo, da kuɗin mai gyara ya kwance hob biyu da gidan feda ya sa sabon giris, domin sabon keken araha sau da yawa kusan a bushe yake fitowa daga kwali. Baƙin man inji da aka saba zuba wa sarƙa yana tara ƙura. Mai mara kauri kaɗan, a goge ragowar da tsumma, ya fi.

Akwai kuma wanda bai kamata ya sayi keken hawa dutse ba sam. In aikinka ɗaukar buhu ne ko jarkokin ruwa a hanyar da ba tudu, tsohon samfurin nan mai sanda da giya ɗaya ya fi maka. Ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, da ta tashi ƙera keke don ƙauyukan Afirka, Buffalo ta fito da shi: firam na ƙarfe, ba shoka, asalinsa giya ɗaya, kariyarsa tana ɗaukar kilo 100. Keke mai giya yana cin kuɗinsa ne a inda ake da hawa, ko doguwar tafiya da iska a gaba, ko gwiwar da ta fara gajiya. In kana cikin waɗannan, nemi firam daidai tsayinka, ba shokar baya, taya 559, kaset mai faifai takwas, sannan ka biya da keken wurin mai gyaranku kafin ka kai shi gida.